YADDA AKA GYARA TSOHUWAR HANYAR ƘARƘASHIN KOGIN MAAS BA TARE DA AN SAUYA MATA KAMA BA

Daga Wakilinmu

Ran 19 ga watan Agusta, 2019, hukumar birnin Rotadam na ƙasar Holan ta sake buɗe wa motoci hannun zuwa da na dawowa a tsohuwar hanyar nan da ta ratsa ta ƙarƙashin kogin Maas, bayan an shafe shekara biyu cur ana aikin gyaranta. Kuɗin da aka ware wa aikin sun kai Yuro miliyan 262. Amma duk direban da ya san hanyar tun da can, in ya shiga ta a wannan rana, da ƙyar zai iya nuna inda kuɗin suka tafi. Tayil ɗin da ke jikin bango yana nan da launinsa, hasken fitilu yana nan rawaya kamar yadda aka saba, manyan gidajen iska guda biyu kuma suna nan tsaye a gaɓar arewa da gaɓar kudu. Wannan kuwa da gangan aka yi, domin sharaɗin da aka gindaya wa injiniyoyi da 'yan kwangila ke nan tun farko, watau su sabunta hanyar yadda za ta cika ƙa'idodin kiyaye rayuka na wannan zamani, amma kada su sauya mata fuska.

Kafin mai karatu ya ga wuyar wannan sharaɗi, ya kamata ya san irin hanyar da ake magana, da dalilin da ya sa mutanen birnin suke ji da ita.

Rotadam ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a nahiyar Turai, kogin da ake kira Sabon Maas kuwa ya raba birnin gida biyu. Tsakiyar gari da ofisoshi suna arewa, unguwannin ma'aikatan tasha da yawa suna kudu. Tun cikin shekarun 1920 kowa ya yarda ana bukatar sabuwar mahaɗa tsakanin gaɓoɓin nan biyu, sai dai an daɗe ana gardama a kan ko gada za a yi ko kuwa hanya ta ƙarƙashin ruwa. Abin da ya raba gardamar shi ne lissafi. Gadar da manyan jiragen teku za su iya wucewa ta ƙarƙashinta sai ta yi tsawon mita 60 a sama, ga kuma dogayen hanyoyin hawa da sauka da za su cinye unguwanni. Da aka auna, sai aka ga bi ta ƙasa ya fi araha. Aka fara aiki a shekarar 1937, injiniya J. P. van Bruggen na ma'aikatar ayyuka ta birnin yana kan gaba, mai zanen gine-gine Ad van der Steur ya tsara abin da ido ke gani, wani kamfanin ƙasar Danmak mai suna Christiani & Nielsen kuma ya kawo ƙwarewarsa ta aikin cikin ruwa.

Dabarar da suka yi abin a tsaya a duba ce. Ba su haƙa rami a ƙarƙashin kogin kamar gafiya ba, gama ƙasar wurin laka ce da yashi. Sai suka gina manyan akwatunan kankare guda tara, kowane ya ɗara mita 60 a tsawo, faɗinsa kuwa wajen mita 25, a wani gurbi da aka zuƙe wa ruwa. Aka toshe bakunansu yadda za su yi iyo kamar jirgi, aka jawo su bisa ruwa zuwa inda aka riga aka yashe kwari a gindin kogin, sa'an nan aka nutsar da su ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa baki da baki, aka ɗura yashi a ƙarƙashinsu don su zauna daram, aka binne. Amurkawa sun riga sun yi irin wannan a Ditroit da wasu wurare, amma nasu masu zagayayyen ciki ne kamar bututu. Na Rotadam shi ne na farko a duniya da aka yi da akwatuna masu kusurwa huɗu, wannan siffa ce kuwa aka yi ta kwaikwayo daga baya a ƙasashe da dama, domin ta fi ɗaukar layukan mota ba tare da an nutsa can ƙasa ainun ba. A cikin kowane akwati akwai hanyoyi huɗu: biyu na motoci kafaɗa da kafaɗa, sa'an nan a gefe ɗaya ta masu keke a sama, ta masu tafiya da ƙafa a ƙarƙashinta. Tsawon hanyar duka, har da gangaren shiga da fita, mita 1,373 ne, daga ciki mita 1,070 a rufe suke, wuri mafi zurfi kuwa ya yi kimanin mita 20 ƙasa da fuskar teku.

Ana cikin aikin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Ran 14 ga watan Mayu, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar Rotadam ruwan bama-bamai, wuta ta cinye tsohon garin kusan ƙurmus, ɗaruruwan mutane suka mutu, kimanin mutum 80,000 suka rasa muhalli. Hanyar da ake ginawa ta tsira, aka ci gaba da aiki a ƙarƙashin mamayar Jamusawa har aka buɗe ta ran 14 ga watan Fabrairu, 1942, shiru ba kiɗa ba biki. A shekarar 1944 sojojin Jamus sun ɗaura mata nakiyoyi don su tarwatsa ta duk lokacin da suka ga dama, amma har yaƙi ya ƙare nakiyoyin ba su tashi ba. To, birnin da aka ƙone masa tsofaffin gine-ginensa a yini ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ya riƙe ɗan abin da ya rage masa da hannu biyu. Ita ce hanyar ƙarƙashin ƙasa ta motoci ta farko a duk ƙasar Holan, a shekarar 2012 kuma aka shigar da ita cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa su sai da izini.

GISHIRI DA WUTA

Abubuwa biyu suka tilasta gyaran, ɗaya daga cikin jikin hanyar, ɗaya daga majalisar dokoki.

Na farko shi ne gishiri. A ƙasashen sanyi, in hunturu ya yi, ruwa kan daskare a bisa titi ya zama ƙanƙara mai santsi, sai ma'aikata su bi suna watsa gishiri don ya narke. Tayoyin motoci su ne ke kwaso ruwan gishirin nan su shigo da shi cikin hanyar, shekara da shekaru yana tsiyaya ta tsagogin daɓen da motoci ke bi, yana sauka a kan kankaren da ke ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya san ana saka rodi a cikin kankare don ya ƙara masa ƙarfi. Muddin kankaren yana da lafiya, sinadarin siminti yakan kare rodin daga tsatsa. Amma in gishiri ya ratsa ya kai ga ƙarfen, sai wannan kariya ta karye, tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri nesa ba kusa ba, saboda haka sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki, ya riƙa ɓantarewa, ruwa ya ƙara samun ƙofa. Mutanen Holan suna kiran wannan cuta ruɓewar kankare, sunan kuwa ya dace, domin kamar gara take, sai ta gama ɓarna a ɓoye kafin a gani a fili. Da aka shiga ramukan iska da ke ƙarƙashin daɓen aka duba, an tarar ta yi nisa. Ban da wannan kuma akwai asbesto, irin wanda aka riƙa amfani da shi a gine-gine a da, kafin a tabbatar ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu; shi ma sai da aka cire shi da kariya ta musamman.

Na biyu ya samo asali ne daga wani bala'i da ya auku nesa da Holan. Ran 24 ga watan Maris, 1999, wata babbar mota ɗauke da fulawa da man shafa burodi ta kama wuta a tsakiyar hanyar da ta huda dutsen Mont Blanc tsakanin Faransa da Italiya. Wutar ta yi fiye da kwana biyu tana ci, mutum 39 suka hallaka, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su a cikin motocinsu ko suna ƙoƙarin gudu. Bayan wata biyu aka sake yin wata gobarar a hanyar Tauern ta ƙasar Ostiriya, mutum 12 suka mutu, a shekarar 2001 kuma ta Gotthard a Suwizalan ta ci mutum 11. Saboda haka a shekarar 2004 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idodi ga dukan irin waɗannan hanyoyi da suka wuce mita 500 a kan manyan titunan da suka haɗa ƙasashenta. Holan ta ƙara tsanantawa, ta yi dokarta a shekarar 2006 wadda ta shafi duk hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da ta wuce mita 250, daga baya aka sa wa tsofaffin hanyoyi wa'adin ranar 1 ga watan Mayu, 2019 su cika sharuɗɗan.

Ga hukumar birnin Rotadam ke nan tsakanin dokoki biyu, kowace kuwa ta ƙasa ce, kowace tana da haƙori. Ɗaya ta ce a sauya, ɗaya ta ce kada a taɓa. Ma'aikacin gwamnati da ya taɓa riƙe fayil mai ɗauke da umarni biyu masu karo da juna daga ma'aikatu biyu ya san irin wannan ciwon kai.

ABIN DA KE FILI DA ABIN DA KE ƁOYE

Hanyar da aka bi ita ce a raba ginin gida biyu a tunani, watau abin da mai wucewa ke gani, da abin da ke ɗauke da nauyi a ɓoye. Na ɓoye aka yi masa aiki ba sassauci. An ɗaye daɓen motoci gaba ɗaya aka zuba sabo. Kankaren da gishiri ya ci a ƙasa aka kankare shi da na'ura mai feso ruwa da matsanancin ƙarfi, wadda ke cire ruɓaɓɓen ta bar rodi, ba ta kuwa girgiza ginin yadda injin fasa dutse zai yi. Wannan hattara wajibi ce, domin bayan wancan bango kogi ne. Aka gyara ƙarafa, aka sake zuba kankare, aka shimfiɗa sababbin wayoyi da na'urori masu yawa waɗanda magina na 1937 ba su taɓa mafarkinsu ba: kyamarori, da na'urorin gane hayaƙi da tsayuwar mota, da lasifikoki, da shingayen rufe hanya, duk a haɗe da ɗakin da ma'aikata ke sa ido dare da rana.

Inda gardama ta fi zafi shi ne batun iska, a nan kuwa ya kamata mu ɗan dakata. Abin da magina na farko suka ji tsoro shi ne hayaƙin injin mota, wanda a wancan zamani yake cike da guba mai kisa a rufaffen wuri. Don haka suka gina gidajen iskan nan biyu, kowane ya kai kimanin mita 60 in aka haɗa abin da ke sama da abin da ke binne a ƙasa, suka cika su da manyan fankoki. Fankokin suna tura sabuwar iska ta ramukan da ke bin ƙarƙashin titi, ta fito ta ƙofofi a duk tsawon hanyar, suna kuma zuƙe gurɓatacciya su fitar da ita sama. Har ɗakin gwaji aka yi a da don auna lafiyar iskar. Wannan tsari ya isa ga hayaƙin yau da kullum, amma bai isa ga babbar motar kaya da ta kama wuta ba, wadda cikin 'yan mintoci za ta cika wurin da baƙin hayaƙi. Abin da injiniyoyin yau suka fi so shi ne fankoki masu kama da injin jirgin sama, a jera su a rufi, su tura hayaƙin gaba ɗaya zuwa bakin fita. Hikimar ita ce motocin da ke gaban wutar za su ci gaba da tafiya su fice, waɗanda suka tsaya a bayanta kuma iska mai kyau za ta riƙa buso musu. Sai dai wannan yana bukatar kada cunkoso ya tsaya cak a cikin hanyar, saboda haka dole tsarin danjojin da ke bakin fita su shiga cikin lissafi. An sa sababbin fankokin, amma ba a rushe gidajen iska ba, ba a kuma kwashe tsohon tsarin an zubar ba. An gyara gine-ginen an bar su da rufinsu na tagulla wanda shekaru suka mayar kore.

Batun gudun tsira ma haka. Sababbin hanyoyi irin wannan akan yi musu wani lungu na musamman a tsakiya inda mutane za su fake. Tsohuwar Maas ba ta da wurin da za a ƙara irin wannan, ba kuwa yadda za a faɗaɗa akwatin kankare da ke kwance a gindin kogi. Sai aka dogara ga ƙofofin da ke tsakanin hanyoyin motocin biyu, aka yi musu alama mai haske, yadda in wuta ta tashi a ɗaya za a tsai da motoci a ɗayar, mutane su tsallaka can, 'yan kwana-kwana kuma su shigo.

Amma abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne fitilu. Tsofaffin fitilun hanyar na sodiyam ne, masu ba da haske rawaya mai ɗan ja, wanda duk ɗan Rotadam ya tashi da shi. Irin waɗannan fitilu sun tsufa, suna kuma da aibi babba: a ƙarƙashin haskensu launuka sukan ɓace, ja da kore su zama kusan ɗaya, abin da ba ya taimakon mai kallon kyamara ko mai aikin ceto. Aka sa fitilun zamani na LED, aka daidaita su su ba da rawayan nan na da a kullum, amma in hatsari ya auku sai su juye su zama farare tas. Tayil ɗin bango kuwa, wanda ya fashe ko ya ɓalle aka maye gurbinsa da sabo da aka ƙera musamman don ya yi kama da tsohon.

A nan akwai abin cewa. Masanan adana gine-ginen tarihi suna da wata yarjejeniya da aka tsara a birnin Venis a shekarar 1964, wadda daga cikin ƙa'idodinta akwai cewa duk abin da aka maye a tsohon gini ya dace da sauran, amma a iya bambanta shi da na asali, don kada a yi wa tarihi ƙarya. Mai tsananin ra'ayi zai iya cewa fitilar zamani da aka sa ta kwaikwayi tsohuwa, da sabon tayil da aka yi shi kamar ya shekara saba'in, ado ne kawai, ainihin abin ya tafi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a ganina ƙa'idar an yi ta ne da tunanin fadoji da majami'u da kufai, inda dutsen kansa shi ne abin daraja. Hanyar da motoci wajen 75,000 ke bi kowace rana ba za ta iya zama da ruɓaɓɓen kankare don kawai na asali ne ba. Abin da aka ga ya cancanci a kiyaye a Maas shi ne tsarinta, da siffarta, da abin da mai wucewa ke ji in ya shiga, da kuma ci gaba da yin aikin da aka gina ta dominsa.

Akwai wani birni da ya bi wata hanyar dabam. A Hambog ta ƙasar Jamus akwai tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogin Elbe da aka buɗe a shekarar 1911, mai tsawon mita 426, wadda a da ake saukar da motoci cikinta da lif. An daɗe ana gyaranta, aka sake buɗe ɓangarenta na gabas a shekarar 2019, a wannan shekara kuma aka hana motoci shiga, aka bar ta ga masu keke da masu ƙafa. Hambog ta iya yin haka domin tun shekarar 1975 tana da wata babbar hanyar ƙarƙashin kogin da ke ɗauke da motocinta. Rotadam ba ta da wannan sarari, gama Maas jijiya ce a tsakiyar gari.

WANDA YA BIYA DA LOKACINSA

Saboda wannan dalili ne ba a rufe hanyar gaba ɗaya ba. Daga watan Yuli na 2017 aka rufe rami ɗaya ana aiki a cikinsa, ɗayan yana ɗaukar motoci, bayan kamar shekara guda aka yi musanya. Tambayar da ta rage ita ce wane hannu za a bari a buɗe. Hukuma ta zaɓi hannun da ya taso daga kudu zuwa arewa, babban dalili kuwa shi ne asibitin koyarwa na Erasmus, wanda ke kusa da bakin hanyar ta arewa. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta ɗauko wanda ke tsakanin rai da mutuwa daga unguwannin kudu ba ta da lokacin zagaye. Ma'anar wannan ita ce ma'aikacin da ke zaune a kudu zai tafi aiki da safe ta hanyar da ya saba, amma da yamma sai ya nemi wata: gadar Erasmus ta 1996, ko gadar Willems, ko ya fita bayan gari ya bi hanyar Benelux ko gadar Van Brienenoord, ko kuwa ya ajiye mota ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke ƙetare kogin tun shekarar 1968. Shekara biyu aka yi a haka. Wannan asarar lokaci ba ta cikin Yuro miliyan 262 ɗin da aka ambata, amma jama'a sun biya ta.

Hanyoyin masu keke da masu ƙafa an bar su a buɗe a lokacin, sai da aka gama da na motoci aka juyo kansu. A cikin shekarun 1950, kafin mota ta yawaita, masu keke wajen 40,000 ne ke bi ta nan a kowace rana, har layi ake yi a bakin shiga. Ana sauka ne ta matakalai masu tafiya da lantarki, huɗu a kowace gaɓa, waɗanda matakansu na katako ne tun na farko, a saman mashigar kuma akwai zane-zanen bango na mai zane Jaap Gidding. Sayen sababbin matakalai na ƙarfe da ya fi sauƙi ƙwarai, amma su ma dokar tarihi ta rufe su, saboda haka gyara su aka yi. Hawa su da keke kuwa sai an koya: mutum ya karkata tayar gaba, ya danne birki, ya tsaya a gefen kekensa har a kai ƙasa. 'Yan gari suna yin haka ba tare da sun ko duba ba, baƙo kuwa akan gane shi tun daga matakin farko.